Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Binciken Hoton Ƙwaƙwalwar Matasa Masu Farkon Taɓin Hankali, Daga Mahangar Ƙasar Ruma

1.0 Gabatarwa

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan magidanci ya ga ɗansa saurayi ya daina barci, ya ƙaurace wa tsararrakinsa, ya shiga sambatu, yana cewa ana kiran sunansa daga bayan danga alhali kuwa ba kowa, sai ya nemi a ɗauki hoton kan yaron don a ga abin da ya lalace. Ya saba ganin ana ɗaukar hoton ƙashi a nuna masa karaya ƙiri-ƙiri, don haka yana zaton na ƙwaƙwalwa ma haka yake. Su ma masana ilmin likita sun daɗe da irin wannan fata, kuma sun shafe shekara kusan 50 suna kashe dukiya da lokaci a kansa.

Manufar wannan takarda ita ce a yi sharhi a kan wannan bincike, musamman ɓangarensa da ya shafi matasa waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba, ko waɗanda ake tsoron yana gab da kama su. Zan fara da kawo abin da binciken ya gano, sa'an nan in auna shi ta fuskoki huɗu, daga bisani in nuna inda hoton yake da amfani na haƙiƙa. Na zaɓi in dube shi daga ƙasar Ruma, watau yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, domin ilmin da aka ce na ɗan Adam ne baki ɗaya ya kamata a iya gwada shi a kan yaron Ruma kamar yadda aka gwada shi a kan yaron Melbon ko na Oslo. Abin da zan yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, binciken ya koya mana abu mai daraja game da ciwon, amma har yau bai iya gaya wa uba ɗaya halin da ɗansa ɗaya ke ciki ba, kuma a wannan fage ji ne har yanzu yake gaba da gani.

1.1 Ma'anar Kalmomi

Kalmar taɓin hankali tana da faɗi a Hausa. A wannan takarda na taƙaita ta ga ciwon da ke raba mutum da zahiri, watau ya riƙa jiye-jiye ko gane-gane na abin da babu, ko ya kafe a kan wani zato wanda hujja ba ta gusar da shi, kamar ya ce 'yan gidansu sun haɗa baki za su sa masa guba, ko kuwa zancensa ya wargaje har a kasa bin sa. Babban nau'insa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Yawanci yakan fara ne tsakanin ƙarshen balaga da shekara 30. Idan ya fara kafin shekara 18 akan ce ya zo da wuri, kuma irin wannan yakan fi tsanani.

Hoton ƙwaƙwalwa kuwa iri biyu ne za su riƙa fitowa a nan. Na farko shi ne wanda ake ɗauka da hasken nan na hoton ƙashi tare da taimakon kwamfuta, wanda ma'aikatan asibiti ke kira CT. Na biyu shi ne hoton maganaɗisu, wanda suke kira MRI, kuma shi ne ke iya nuna kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa da girman sassanta na ciki dalla-dalla.

2.0 Abin da Binciken Ya Gano

A 1976 Eve Johnstone da Timothy Crow da abokan aikinsu a asibitin Northwick Park na Landan suka buga a mujallar Lancet sakamakon hoton CT na majinyata 17 da suka daɗe da sikizofireniya. Suka ga ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na lafiyayyu faɗi. Wannan ɗan ƙaramin aiki ya girgiza masana, domin a lokacin da yawa daga cikinsu suna ganin ciwon na tarbiyya da zamantakewa ne kurum. To amma majinyatan sun shekara da shekaru a asibiti suna shan magani, don haka tambaya ta taso: shin wannan alama ta riga ciwon zuwa ne, ko kuwa ciwon da jinyarsa ne suka haife ta? Neman amsar wannan tambaya shi ya juyo da hankalin masu bincike zuwa ga matasa.

A Amurka, Judith Rapoport ta Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta fara tattara yaran da ciwon ya kama tun kafin balaga. Daga cikinsu ne Paul Thompson da abokansa suka buga a 2001 hotunan yara 12 masu ciwon da lafiyayyu 12, waɗanda aka riƙa ɗauka a tsawon shekara 5. Suka nuna ɓawon ƙwaƙwalwar masu ciwon yana sirancewa, ya faro daga wajen ƙeya yana tafiya gaba zuwa goshi. Wannan ya dace da ra'ayin da Irwin Feinberg ya kawo tun 1982, cewa a lokacin balaga ƙwaƙwalwar kowane yaro tana datse wasu mahaɗan jijiyoyinta kamar yadda mai lambu ke rage rassan bishiya, kuma watakila a masu wannan ciwo datsewar ce ke wuce ƙima.

A birnin Melbon na Ostireliya kuma, Patrick McGorry ya buɗe cibiyar kula da masu farkon taɓin hankali a 1992, shi da Alison Yung suka ƙara da wata a 1994 domin matasan da ke da alamu marasa ƙarfi, waɗanda ba su kai a kira su ciwo ba tukuna. Christos Pantelis da abokansa suka ɗauki hoton 75 daga irin waɗannan matasa, suka buga a Lancet a 2003. Daga baya 23 suka kamu, 52 ba su kamu ba, kuma aka ga tun a hoton farko rukunin da ya kamu yana da ƙarancin ɓawo a wasu sassa. Tyrone Cannon da abokansa a Amurka suka faɗaɗa irin wannan aiki a 2015 da matasa 274 masu alamu, waɗanda 35 daga cikinsu suka kamu, suka ga ɓawon wajen goshi ya fi saurin sirancewa a waɗanda suka kamu ɗin.

Daga nan sai masana suka haɗa ƙarfi a wata ƙungiya ta duniya mai suna ENIGMA, suna tara hotuna daga cibiyoyi masu yawa. A 2016 suka gwada majinyata 2,028 da lafiyayyu 2,540, a 2018 kuma majinyata 4,474 da lafiyayyu 5,098. Aikinsu da ya fi kusa da batunmu shi ne na Tiril Gurholt da abokanta, wanda ya fito a 2022, inda aka gwada matasa 263 da ciwon ya zo wa da wuri da lafiyayyu 359. Babban bambancin da aka samu shi ne na girman cikin ƙoƙon kai baki ɗaya, wanda ya ɗan gaza a masu ciwon, sai kuma ƙanƙantar hifokamfus, watau sashen da ke da alhakin ajiye abin da aka koya.

Adalci ne a faɗa tun a nan cewa wannan aiki ba na banza ba ne. Ya tabbatar da cewa ciwon yana da tushe a jiki, yana da dangantaka da yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma wasu alamunsa sun riga shan magani. Wanda duk ya taɓa ganin an ɗaure matashi a turu ana dukansa don a kori abin da ke jikinsa ya san darajar wannan magana.

3.0 Sharhi

3.1 An Auna Taro, Ba a Auna Mutum Ba

Duk sakamakon da na kawo a sama na matsakaicin awon rukuni ne. Abin nufi shi ne, an tara awon ɗaruruwan masu ciwo an raba, an tara na lafiyayyu an raba, sai aka ga tazara tsakanin lissafin biyu. Alal misali, idan aka auna tsawon samarin garuruwa biyu, ana iya samun na wannan gari sun ɗara na wancan da rabin yatsa a matsakaici. Wannan gaskiya ce, amma ba wanda zai tsaya a kasuwar Batsari ya dubi tsawon saurayi ya faɗi garinsu.

Mu ɗauki bambancin hifokamfus a aikin ENIGMA na 2016, wanda shi ne mafi girma a cikin sassan da suka auna. Idan aka juya shi zuwa lissafin yau da kullum, ma'anarsa ita ce in aka ɗauko majinyaci ɗaya da lafiyayye ɗaya ba tare da zaɓe ba, wajen sau 63 cikin 100 ne na majinyacin zai fi ƙanƙanta. Mai cankar tsiya, wanda bai ga hoto ba sam, zai dace sau 50. A matasan da Gurholt ta auna tazarar wannan sashe ma ba ta kai haka ba. Wannan shi ya sa har yau babu wani littafin ƙa'idar gane cututtuka, na Hukumar Lafiya ta Duniya ko na likitocin Amurka, da ya sa hoton ƙwaƙwalwa cikin sharuɗɗan tabbatar da sikizofireniya. Ana tabbatar da ita ne ta hanyar zama da majinyaci da danginsa a saurare su.

Laifin da nake gani a nan ba na lissafi ba ne, na isar da saƙo ne. Hotunan da ake bugawa a mujallu, masu ja da shuɗi da rawaya, ba hoton kan kowa ba ne. Taswirar lissafi ce aka shafa wa launi aka ɗora a kan siffar ƙwaƙwalwa. Amma mai kallo, ko da malamin jami'a ne, yakan ɗauka haka za a gani in an sa ɗansa a na'urar.

3.2 Ƙarancin Adadi da Tasirin Magani

Ayyukan da suka fi yin suna a wannan fanni su ne suka fi ƙarancin mutane. Na Thompson yara 12 ne. A na Pantelis, waɗanda aka sake ɗaukar hotonsu don a ga canji 21 ne kacal, 10 da suka kamu da 11 da ba su kamu ba. A 2022 Scott Marek da abokansa suka nuna a mujallar Nature, bayan nazarin hotunan mutum kusan 50,000, cewa alaƙar da ake nema tsakanin siffar ƙwaƙwalwa da halayyar mutum ba ta tsayuwa da ƙafarta sai an auna dubbai, alhali wajen rabin binciken da aka saba yi bai wuce na mutum 25 ba. Ko da yake nazarin nasu bai taƙaita ga masu taɓin hankali ba, gargaɗinsa ya shafe mu: ƙaramin rukuni yakan kumbura sakamako, kuma in an sake gwadawa sai ya saɓe.

Na biyu shi ne magani. Beng-Choon Ho da Nancy Andreasen a Jami'ar Iowa sun bi majinyata 211 na tsawon wajen shekara 7, suka buga a 2011 cewa yawan maganin da mutum ya sha yana tafiya tare da raguwar naman ƙwaƙwalwa. Kafin su, a 2005, an ba birai irin waɗannan magunguna na fiye da shekara guda a Jami'ar Pittsburgh, aka ga nauyin ƙwaƙwalwarsu ya ragu da wajen kashi 10 cikin 100. Kada a fahimce ni baibai. Wannan ba hujja ba ce ta barin magani, domin wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ake ba magani mai yawa, kuma komowar ciwo bayan barin magani tana da nata lahanin mai girma. Abin da yake nunawa shi ne, hoton da aka ɗauka bayan an fara jinya ya haɗa sawun ciwo da sawun magani, kuma raba su aiki ne da ba a kammala ba. Haka nan tabar wiwi da taba sigari da giya duk suna da nasu sawun.

3.3 Mudun Wata Kasuwa

Wannan shi ne babban abin da ya kawo ni. Kowace 'yar kasuwar hatsi ta san mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. In an ce ƙwaƙwalwar yaro ta gaza, sai mu tambaya, da wane mudu aka auna? Lafiyayyun da ake gwada majinyata da su a waɗannan ayyuka mafi yawansu 'ya'yan Turai ne da Amurka ta Arewa da Ostireliya da gabashin Asiya. A nahiyarmu, aikin da aka sani na hoton masu farkon taɓin hankali shi ne na Robin Emsley da abokansa a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. A cikin cibiyoyin da suka ba Gurholt hotuna babu ta Afirka ta Yamma ko ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokansa sun ƙirga a 2018 cewa na'urorin hoton maganaɗisu 84 ne a duk Afirka ta Yamma, don mutum fiye da miliyan 370. A lokacin Nijeriya tana da 58 daga ciki, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne, ba irin waɗanda ake awon kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa da su ba.

To, mu dubi abin da ke ratsa ƙwaƙwalwar yaron Ruma kafin ya kai shekara 17. Na farko, abinci. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Girman ƙoƙon kai kuwa yana bin girman ƙwaƙwalwa ne a shekarun farko na rayuwa, waɗanda su ne tamowa ta fi yi wa illa. Ke nan babbar alamar da Gurholt ta samu, watau ƙarancin girman cikin ƙoƙon kai, ana iya samun ta a yaro lafiyayyen hankali wanda yunwa kawai ta taɓa. Na biyu, cututtuka: zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, da sanƙarau wanda annobarsa ta 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Arewa, da farfaɗiya, da sikila wadda kan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ankara ba. A makwabciyarmu Zamfara gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa.

Na uku, firgici. Ƙasar Ruma tana bakin Dajin Rugu, kuma ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Yaran da suke 'yan shekara 10 a lokacin yanzu sun shiga shekarun da ciwon ke bayyana. Filippo Varese da abokansa sun tara bincike masu yawa a 2012, suka ga wanda ya sha muguwar wahala a ƙuruciya haɗarin kamuwarsa ya kusa ninka na sauran sau 3. Sananne ne kuma irin wannan wahala tana da alaƙa da ƙanƙantar hifokamfus ko da taɓin hankali bai biyo baya ba.

Saboda haka in aka ɗauki yaronmu aka auna shi da mudun Oslo, ana iya ganin gazawa, amma ba a san ta mece ce ba. Wannan kuma rashi ne ga ilmin kansa, ba ga mu kaɗai ba, domin ra'ayin da ke cewa ciwon daga girman ƙwaƙwalwa yake tasowa bai kamata ya guje wa wuraren da girman ƙwaƙwalwa ya fi shan gwagwarmaya ba.

3.4 Hasashe da Tambari

Babban burin masu binciken shi ne hoton ya riƙa faɗin wanda zai kamu tun kafin ya kamu, don rigakafi ya fi magani. Burin mai kyau ne. Amma wani nazari da Gonzalo Salazar de Pablo da abokansa suka buga a 2021 ya nuna cewa a cikin matasan da aka ce suna cikin haɗari, wajen kashi 25 cikin 100 ne ke kamuwa a cikin shekara 3. Watau uku cikin huɗu ba su kamuwa a wannan tsakani. Kuma waɗannan matasa ne da suka kai kansu cibiyoyi na musamman, irin waɗanda ba mu da su.

Mu kuwa mun san nauyin kalmar hauka a ƙasar Hausa. Kafin a ba da aure akan yi binciken asali, kuma cewa akwai taɓuwa a gidan su wane ya isa ya hana yarinya da ƙannenta miji. Takardar asibiti mai ɗauke da hoto za ta fi jita-jita ƙarfi, daidai saboda gani ya kori ji. Wanda aka buga wa wannan tambari bisa hasashen da bai tabbata ba, wa zai goge masa? Ayyukan da na duba sun yi ta lissafin yawan dacewar hasashe, amma ba su cika lissafa abin da kuskure zai ci wa yaro a cikin jama'arsa ba. Haka kuma duk mai shirin kawo irin wannan bincike Arewa ya tuna da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a Kano a 1996, da shari'ar da ta biyo baya a kan neman yardar iyaye, da yadda abin ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Dole bayanin neman yarda ya zama da Hausar da uwa za ta gane, a kuma gaya mata ƙarara cewa hoton ba magani ba ne.

4.0 Inda Hoton Ke da Amfani

Duk da abin da ya gabata, akwai aikin da hoton ke yi wanda ba mai yi sai shi, watau gano wata cuta dabam da ta ɓuya a rigar taɓin hankali, kamar ƙari a ƙwaƙwalwa, ko kumburinta, ko tsohon rauni, ko toshewar jini. Graham Blackman da abokansa sun tara bincike 12 na majinyata 1,613 masu farkon ciwon, suka buga a 2023 cewa wajen kashi 6 cikin 100 an ga abin da ya canza yadda ake jinyarsu, watau mutum 1 cikin 18. A inda cututtukan da na lissafa suka yawaita, hankali zai ba mu cewa wannan aiki ya fi muhimmanci. To amma tun da na'ura tana birni kuma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, sai a fifita wanda ke da alamun gargaɗi: zazzaɓi, ko faɗuwa irin ta farfaɗiya, ko ruɗewa har bai san wuri da lokaci ba, ko raunin hannu ko ƙafa, ko matsanancin ciwon kai da amai, ko buguwa a ka, ko ciwon ya auko cikin 'yan kwanaki. Malamin asibiti na karkara yana iya koyon waɗannan alamu.

Akwai kuma misalai biyu na yadda ake leƙa ƙwaƙwalwa a Afirka a samu riba. A birnin Blantyre na Malawi, Karl Seydel da Terrie Taylor sun nuna a 2015, ta hoton maganaɗisu na yara 168, cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe masu zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka. A Kano kuma, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt sun yi amfani da ƙaramar na'urar sauti mai auna gudun jini a ka don gano yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka kuma nuna ana iya kare su da maganin haidiroksiyuriya. Abin da ya haɗa ayyukan biyu shi ne, tambayar daga gida ta fito, sa'an nan aka nemo na'urar da ta dace da ita.

5.0 Kammalawa

Idan aka tambaye ni wane awo ne ya fi shafar makomar saurayin Ruma da ya fara sambatu, zan ce tsawon lokacin da zai yi kafin ya sami magani. Bincike ya sha nuna cewa gwargwadon jinkirin, gwargwadon wuyar farfaɗowa. Matthew Large da abokansa sun lissafa a 2008 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jinkirin yakan kai mako 125 a matsakaici, a ƙasashe masu arziki kuwa mako 63. Wannan awo ba ya bukatar maganaɗisu. Tambaya ce ake yi wa uwa: yaushe kika fara ganin ya canza, ina da ina kuka kai shi?

Amsarta yawanci za ta bi ta wajen mai ruƙiyya ko boka ko 'yan bori, wani lokaci har gidan mari, irin waɗanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina a 2019. Amma kada a ɗauka jama'a ba su son asibiti. A binciken da Kabir da abokansa suka yi wa mutum 250 a ƙauyen Karfi na Kano a 2004, kusan rabi sun ce asibiti za su fi so. Nisa da tsada da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda ƙungiyarsu ta sha cewa ba su kai 300 ba a ƙasar nan, su ne katangar. Mafita kuwa an gwada ta a gida. Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar majinyata a cikin ƙauye tare da danginsu a Aro ta Abekuta a 1954. Oye Gureje da abokansa sun nuna a Lancet a 2020, da majinyata 307 a Ibadan da Kumasi, cewa idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, majinyata sun fi samun sauƙi. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba wannan aiki madogara.

Shawarata ga jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma da Kano da Zariya ita ce a bi abin daki-daki. A fara da ƙirga masu ciwon da tsawon jinkirinsu da hanyoyin da suke bi. A daidaita kalmomin Hausa na tambayar majinyaci, domin bambanta jiye-jiyen ciwo da abin da al'ada ta yarda da shi game da iskoki aiki ne da ke bukatar masana harshe da al'ada kamar yadda yake bukatar likita, kuma a nan ne mahalarta wannan taro ke da rawar takawa. Sa'an nan, in za a ɗauki hoto don bincike, a ɗauki na lafiyayyun yaranmu tare da na majinyata, a rubuta tarihin abincinsu da cututtukansu da abin da idonsu ya gani, don mu sassaƙa mudunmu. Kafin wannan lokaci, uban da ya sayar da akuya ko buhun gero don a ɗauki hoton kan ɗansa yana da haƙƙin a gaya masa tun da fari abin da hoton zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba, a kuma zauna a saurari yaron.